Gwamna Barkono da Ragonsa Mai Wutsiya

Tun da na dawo daga Amurka bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Dije, yaya ƙasar take?" Na ba da labarin nan a ɗakina, na ba da shi a gidan biki, har a layin asibiti an tare ni na ba da shi. Shekaranjiya kuma na tarar da Hajiya Kande tana ba wasu mata labarin nawa, ta zuba masa gishiri har da cewa wai raƙumi muka yanka a kan jirgin ruwa. Ba raƙumi, jama'a. Shi ya sa na ce bari in zauna in tsara shi da kaina, kowa ya ji daga bakin mai shi.

Binta ce ta kai ni. Ita ce 'yata ta uku, don haka ba na jin kunyar kiran sunanta. Mijinta Malam Isiyaku yana aiki a ofishin jakadancinmu da ke New York. Kafin su tafi ta haihu sau biyu a ɗakina, kuma a cikinsu ba wanda ya kai ranar suna. Da labari ya iso cewa tana da wani cikin, sai na ɗaga hannu na yi wa Ubangiji alkawari: in ya bar mana wannan ya kai suna, zan je in tsaya da ƙafata a inda yaron yake, a yanka masa lafiyayyen rago a kan idona. Ba aike, ba saƙo. Kuma ni 'yar dillalin tumaki ce, a turke na tashi, in na ce lafiyayye na san abin da nake nufi.

Jirgi bai ba ni tsoro ba, ai na je Makka. Daga Kano muka kwana a sama muka sauka Landan, aka juye mu cikin wani jirgin. A nan ne rana ta yi mini abin da ba ta taɓa yi ba. Na yi azahar a zaune, na yi la'asar, na zauna jiran magariba, rana ta ce ba inda za ta. Na yi gyangyaɗi na farka, tana nan. Na sake yi na farka, tana nan dai a taga tana kallona. Na taɓa wata Baturiya da ke kusa da ni, na nuna mata ranar, na nuna mata carbina. Sai baiwar Allah ta yi murmushi ta miƙo mini alewa. Abincin da suka kawo kuwa ban yarda da shi ba, burodin kawai na tsinta na haɗa da kilishina.

Gara da na ci kilishin, don muna sauka 'yan kwastan suka raba ni da ragowar. Wani jibgegen mutum ne ya buɗe akwatina. Ya ɗauki ƙullin ganyen darbejiya da na busar don wankan jego, ya jefa a wani kwando. Ya kwance daddawa ya kai hanci, sai na ga ya ja da baya har hularsa ta karkace. Da ya zo kan kanwa kuwa sai ya kira 'yan'uwansa, suka zagaye ta suna juyawa da bakin alƙalami. Turancina bai wuce gaisuwa ba, don haka na gutsuri kanwar na sa a baki na tsotsa, na shafa ciki, na yi alamar goyo. Suka dubi juna. Sai wata baƙar mata a cikinsu ta fashe da dariya, ta rufe akwatin da hannunta ta ce in wuce. Kanwa ta tsira, kuka ta tsira, daddawar ma suka bar mini, ina jin don ba wanda yake son ta kwana a ofishinsa.

Gidan su Binta yana wata unguwa da ake kira Tremont, can saman wani dogon bene. Ɗaki biyu ne da falo, da wani siririn lungu da mutum biyu ba sa giftawa sai sun gogi juna. Ku auna, ni da surukina a wannan lungu. A gida in ya hango ni daga nesa yakan cire takalmi ya durƙusa, ni ma in ja mayafi in kau da kai. A can kuwa banɗaki ɗaya ne. Washegarin zuwana muka yi kiciɓis a ƙofarsa, shi da tawul a kafaɗa, ni da buta. Ya rasa inda zai durƙusa, ya ja da baya ya faɗa cikin kabad ɗin tsintsiya ya jawo ƙofar. Daga ranar muka yi shiri ba tare da mun yi magana ba: in zai fito sai ya yi gyaran murya, in ni ce sai in ja takalmi da ƙarfi. Har na baro ƙasar bawan Allah yana fama da maƙogwaro.

Maƙwabta kuwa sai dai ka ji motsinsu. Na ce ba zan sauka a gida in ƙi gaida mutanensa ba, na zuba cincin a faranti na bi ƙofa ƙofa. Wata tsohuwa ta buɗe tata ɗan kaɗan da sarƙa a jiki, ta leƙo da ido ɗaya, ta mayar ta rufe. Binta ta biyo ni da tsohon cikinta tana cewa, "Inna, don Allah ki dawo, nan ba a knocking ɗin mutane haka kawai, za su kira police." Abinci kuma akwai shi kamar a zubar, sai dai ba ɗanɗano. Kazarsu ta kai agwagwa girma, amma in ka rufe ido ba za ka ce nama kake taunawa ba. Da wani farin gari na kwali muke tuƙa tuwo, kukata da daddawata suka rufa mana asiri.

Ban daɗe da zuwa ba naƙuda ta tashi. A asibitin suka hana ni shiga, ni da na karɓi haihuwar rabin unguwarmu. Sai daga baya aka kai ni gaban wani gilashi, jarirai jere a bayansa, aka ɗago wani aka nuna mini. Namiji ne, yana tsala ihu har jijiyar wuyansa ta fito. Wannan ihun ya fi mini duk wani kiɗa da na taɓa ji, amma ban yarda na yi murna da ƙarfi ba. Sau biyu ina yin ta da wuri.

Da aka sallamo su na kafa wankan jego. Ba itace, ba ganye, sai na jera tukwane a kan murhun gas, na juye a bahon wanka, na naɗe tawul ya zama abin fyaɗa ruwa. Tururi ya cika gidan har takardar bango ta fara saɓulewa. Mai kula da benen ya hauro a guje yana zaton gobara ce, ya tarar da ni da zani ɗaurin ƙirji ina dama kunun kanwa. Na zuba masa a kofi. Ya kurɓa, ya dube ni, ya sauka abinsa.

Sai maganar rago. Malam Isiyaku ya tsaya a bayan ƙofa ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, da ma cewa na yi ko a buga waya gida a yanka a can, mu nan mu sayi nama a store. Haka kowa yake yi."

Na ce, "Kowa bai yi alkawarin da na yi ba."

Sai ya haɗa ni da Mamman, wani mutumin Maraɗi da ke tuƙa mota a ofishin ƙasarsu, mai surutu da son dariya. Mamman ya buga ƙirji ya ce, "Bon, Hajiya, in dai rago na a ƙasag ga, yau shina kwana gidanku." Muka haye wata gada muka fita bayan gari, har wata gona mai tumaki ba iyaka. Raina ya yi fari. Na shiga garken na kama wani ƙato, na duba haƙori, na duba ido, na duba kofato, na zagaya baya, sai na ga wayam. Ba wutsiya. Ɗan guntun dungu ne kawai yake motsi. Na kama na biyu, haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa, mai gonar yana bina da kallo yana sosa ƙeya. Mamman ya tambaye shi, ya ce ai tun suna 'yan kwanaki ake datse musu, wai don tsafta, kuma duk ƙasar haka ake yi.

Kun san dai dabbar da aka yanke wa wutsiya ba ta layya, ba ta suna. Tun ina yarinya nake ganin babanmu yana mayar da irinsu. Muka shiga gona ta fita gona, kwanaki suna tafiya, kowane rago dungu. Ana jibi suna muka gwada ta ƙarshe, a wani tsibiri da ke tsallaken birnin, nan ma dungu. Muka dawo mashigar jirgin fito a wani wuri da ake kira St. George, muna jiran jirgin da zai haye da mu da motar. Na fito na zauna a benci ina zazzaga faɗa, ina cewa wace irin ƙasa ce wannan da ta iya kai mutum wata amma ta kasa barin rago da wutsiyarsa. A cikina kuwa tsoro ne fal. Gani nake in na saɓa alkawari, wannan ma karɓe shi za a yi.

Sai na ji an ce daga bayana, "Gaskiyarki, Hajiya. Rago ba wutsiya ai an cuce shi."

Na waiga. Wani dogon tsohon Bature ne da sanda, kwat ɗinsa ta sha jiki, wuyansa ja wur. Wuyan na fara ganewa kafin fuskar. Na dafe ƙirji na ce, "La ilaha illallahu! Barkono!"

Shi ne Di'on garinmu, Baturen mulki, lokacin ina amarya. Barkono muke ce masa saboda jan wuya da saurin fushi. Ya taɓa tsayar da babanmu a rana tun hantsi har azahar, wai ya taya Fulani ɓoye shanu ranar jangali, kuma ya taya su ɗin. Na ɗauka zai ji haushin sunan, sai na ga ya cire hula yana dariya har da hawaye. Ya ce rabon da a kira shi haka tun kafin a ba mu mulki. Ashe kullum yakan sauko mashigar nan ya zauna, in ya hangi mai babbar riga ko mai mayafi ya taso ya gaishe shi, don kada Hausarsa ta yi tsatsa. Na gaya masa ko 'yar wa ce ni, Mamman kuma ya kwashe damuwarmu kaf ya gaya masa. Sai ya ce, "Gidana yana kan tudun nan. Ku zo ku sha shayi."

Gidan na matarsa ne, 'yar ƙasar ce, ta rasu ta bar shi a ciki. Kujera ɗaya ce a falon, ya ba ni, shi da Mamman suka zauna a tabarma. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu dai mun ji an ce ka zama Gwamna. Ina gwamnan ya tafi?"

Ya ce, "Na zama, Hajiya. Ban ga damina biyu a kai ba, kuma ku kuka jawo mini."

Ga yadda abin ya faru. Bayan ya bar ƙasarmu sai aka tura shi wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku, wanda in ka hau keke da hantsi za ka zagaye shi kafin azahar. Mutanensa masunta ne, jirgi kuma sai an daɗe yake leƙo su. Aka ba shi farin gida a kan dutse, da fararen kaya masu maɓallan zinariya, da wata hula mai gashin tsuntsu a ka. Shi kuwa ya yi shekaru yana zama a zauren hakiminmu, ya ga yadda babban mutum yake yi: in talaka ya yaba rigarka a gaban jama'a, sai ka tuɓe ka miƙa masa. Ya ce duk abin da ya gani a ƙasarmu ba wanda ya shiga ransa kamar wannan, amma yana Di'o bai taɓa samun sukunin yi ba.

"Ranar da na sauka," in ji shi, "aka taru a bakin ruwa ana busa ƙaho. Wani tsohon masunci ya matso ya ce, Gwamna, hular nan taka ta yi kyau. Kafin in yi tunani hannuna ya cire ta ya ɗora masa."

Mamman ya ce, "Wayyo! Sun gano ka ke nan."

"Kafin sati kowa ya gano. A wurinku mutum ya san abin da ake yabawa da abin da ake kau da kai, kuma in ka ba shi riga, gobe zai aiko maka da zakara. Su ba wanda ya koya musu. Wannan ya zo ya yaba kujeru, wannan labule, wannan agogon bango. Limamin cocinsu ya yaba fiyano, ƙarti suka sauke ta daga kan dutse da igiya. Wata ungozoma ta yaba kwalekwalen Gwamna mai inji, ta ce da irinsa da ba a rasa mata masu naƙuda a ɗaya gefen tsibirin. Wannan kam ban yi da-na-saninsa ba."

Ni dai dariya ta hana ni shan shayin. Ya ce haka aka yi ta yi har jirgi ya kawo wani babban jami'i daga Landan don duba aiki. Mutumin ya sauka, wanda ya fara tarbarsa shi ne tsohon masunci yana gyaran koma da hular Gwamna a kansa, gashin tsuntsun ya sha ƙamshin kifi. Ya hau gidan Gwamna, ya tarar da shi zaune a tabarma a falon da ba ko labule, mutane kewaye da shi yana raba gardamar akuya. Jirgin da ya kawo jami'in shi ya tafi da su biyun.

Ya ce, "Na yi shekaru a ƙasarku ina karɓa. Na ce bari in ɗanɗana bayarwa."

Ni kuma bakina ba ya ajiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka karɓa a wurinmu ba naka ba ne, wanda ka bayar a can ma ba naka ba ne."

Wuyan ya ƙara ja, na ce yau zan sha tsayuwar rana. Sai ya gyaɗa kai ya ce haka jami'in ma ya faɗa, illa dai shi rabin maganar ya yi. Ya dogara sanda ya miƙe ya ce mu zo mu ga bayan gida.

Jama'a, rago! Fari tas, ƙahonsa ya naɗe sau biyu, ƙirji kamar turmi, ga wutsiya har tana taɓa ciyawa. Tun yana ɗan jariri ya karɓo shi daga wata gona bayan rasuwar matarsa, ya hana a datse shi, ya shayar da shi da kwalba. Ya ce sunansa Wakili, don shi kaɗai ya rage masa a cikin ma'aikata. Mamman ya tambaya ko na sayarwa ne, tsohon ya daka masa harara ya ce Gwamna ba ya ciniki. Sai ya koma gefe ya tsaya, ya haɗa hannu a kan sanda, yana kallon sama.

Mamman ya matso ya raɗa mini, "Hajiya, wala, ga dama ta samu! Ki yaba shi kawai. Kalma guda, mun gama."

Na buɗe baki ke nan sai ragon ya taka ya je ya ɗora kansa a gwiwar tsohon. Shi kuma ya zaro biskit daga aljihu, ya gutsura rabi ya ci, ya ba shi rabi, ko dubawa bai yi ba, abin da aka saba ne. Na tuna kujera ɗaya a falo, da kofunan da sai da ya wanke musu ƙura kafin ya zuba mana shayi. Tausayi ya kama ni, na ji ba zan iya ba. Na taɓe baki na ce, "Wannan ai gashi ne kawai. In aka aske shi bai fi kyanwa ba. Ga ƙafar baya kamar tana ɗingishi. Mamman, mu tafi."

Mamman ya riƙe kai da hannu biyu. Tsohon ya rako mu har mashigar jirgi. Ina tafe ina tunanin me zan je in tarar a gida, me zan ce wa Ubangiji jibi. Har na kama murfin mota sai ya ce, "Hajiya, na san babanki. Bai taɓa kushe dabba mai kyau ba, ko da zai yi asara. Ƙafar Wakili lafiya lau take, kin kuma sani."

Na ce, "Na sani. Shi kaɗai gare ka."

"Shi ya sa. Shi kaɗai ne nawa na kaina, ba na Sarauniyarmu ba, ba na talakawa ba. Sai yau da na sami abin da zan bayar da gaske, sai ki dube ni ki ga ban isa ba?"

Tsaye yake ƙyam kamar ranar jangali. Jirgi ya yi kuka, motoci suka fara shiga. Na saki murfin motar na ce wa Mamman ya juya.

Ban taɓa roƙo ba a rayuwata, amma ranar na zama zabiya. Na tsaya a bakin shingen bayan gidan na gyara mayafi na ɗaga murya: "Tubarkalla masha Allah! Ga rago uban raguna! Fari mai hasken gida, mai ƙaho biyu naɗin sarauta, mai wutsiya tana share hanya! Duk Amurka ba na biyunka! Ragon Gwamna, ragon mai tsibiri, ragon wanda ya ba da hula ya ba da jirgi!" Mamman ya juya bokitin dusa yana kiɗa. Turawan unguwar suka ɗaga tagogi, wani kare ya kama haushi, Wakili kansa ya tsaya da tauna yana kallona. Na rangaɗa guɗa. Tsohon ya kwance igiyar daga turke, ya riƙo ta da hannu biyu ya miƙo mini, ya ce da ƙarfi yadda har na taga za su ji, "Na ba ki, Hajiya."

Ba yadda za a hau da rago saman bene a Tremont, don haka sunan ne ya tashi ya zo wurin rago. Ni da na hana Binta ko leƙa taga, ni na naɗe ta da barguna na sa ta a motar Mamman da jaririn a cinyata. Mutanenmu na Tremont suka fito, na unguwar Flatbush suka zo, ɗalibai da ma'aikatan asibiti, 'yan Nijar da 'yan Zangon Kumasi, kowa da tukunya ko ƙullin goro. Muka cika jirgin fito da manyan riguna, masu zuwa aiki suna ta kallonmu ta saman jarida. Wata 'yar Kumasi ta fara waƙa tun a tsakiyar ruwa, har wani ma'aikacin jirgin ya taya mu tafi.

Barkono ya tarbe mu a ƙofa da fararen kayan nan masu maɓallan zinariya, sun yi masa yawa yanzu, kansa ba hula. Ya kewaye bayan gidan da zannuwan gado saboda idon maƙwabta. Maza suka zauna a tabarmi suka sa shi a tsakiya, kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe," shi kuma yana amsawa yana raba goro. Wani malami ɗan Zariya da ke karatun likita shi ya yi addu'a. Da lokaci ya yi, tsohon ya tashi da kansa ya jawo Wakili, ya shafa masa goshi, ya riƙe ƙahon har aka kwantar da shi. Na tsaya a kai da jikana a hannu, ban ƙifta ba. Aka ce sunan yaro Abubakar. Sai a lokacin na saki kukan da na riƙe tun haihuwar fari, Binta ta rungume ni ta baya tana yin nata.

Gida ya kaure da guɗa, Malam Isiyaku har ya manta ya miƙo mini hannu, ya tuna, ya ruga. Da hanta ta gasu na zuba ta farko a faranti na shiga neman mai gida, ban gan shi a cikin mutane ba. Can na same shi a bayan zannuwan, zaune a kan bokiti kusa da turken, da kwanon dusa a cinyarsa. Ya dama ta da safe kamar kullum.

Ya ɗago ya ce, "Yaron ya sami suna?"

Na ce, "Ya samu, ranka ya daɗe. Abubakar."

"Allah ya raya shi."

"Amin. Ga hanta, kai ne na farko."

Ya dubi farantin ya ce, "Na gode, Hajiya. Yau dai ba zan iya ba."

Na ja wani bokitin na zauna kusa da shi. Ni da na keta duniya saboda naman nan, ni ma na kasa kai shi baki. Muka zauna nan ni da Barkono, ana ta kiɗa a bayanmu, har hantar ta huce.